Azara Mai Ƙafar Kaza

"A kware shi! Na ce a kware rufin nan yau ɗin nan, in ba haka ba in ari diga in hau da kaina!"

"Ki hau mana, ga tsani can. Amma ki dubi gabas tukuna. Hadarin nan ba na wasa ba ne. In kin kware, yaran nan a ina za su kwana? A tsakar gida?"

"Gara tsakar gida, Yaya. Gara ruwa ya dake mu."

Laraba ke nan da Mamuda, wan mijinta. Ni kuwa ina bayan zana riƙe da rariya, wai tankaɗe nake. Garin ya daɗe da ƙarewa, rariyar kawai nake kaɗawa don kada a ce na kasa kunne. Da na ga zana na cinye mini rabin maganar, sai na yafa gyale na zagaya, na shiga da sallama, na ce na zo aron kanwa.

Ko amsa sallamar ba su yi ba. Mamuda ya dube ni da jan ido ya ce, "Gwaggo, ai ga aikinki nan. Kin ji daɗi?"

Na ce, "Ni? Ni me na yi, ɗan nan? Cewa kawai na yi ta ɗaga kai."

Kuma gaskiya ce, iyakar abin da na ce ke nan. Bari in koma baya kaɗan, don wanda ba ɗan garinmu ba zai ɗauka a kan itace ake wannan faɗa.

Mu mutanen Rafin Kanya ne, can bayan Dandume. A garinmu bango ba komai ba ne, ƙasa ce, damina ta cinye shi a sake kwaɓa wata. Azara ita ce gida. Giginyar da ta ƙosa in aka tsaga ta, gara ba ta cin ta, sai ta binne kaka ta binne jika tana nan. Saboda haka kowane gida yana da shaidarsa, maƙeri ke ɗora ta da jan ƙarfe a jikin azara, tun zamanin da kakanninmu ba su san alwala ba. Gidan su Mamuda ƙafar kaza ce. Gidan mijina bakin lauje. In maigida ya mutu sai a zare azarar ɗakinsa a raba wa 'ya'ya, kowa ya kai wa maƙeri ya ƙara masa tasa 'yar alamar a gefe. Kina duban azara ɗaya za ki karanta hannun da ta bi, daga wane zuwa wane, kamar tsagar fuska. Amma akwai abu guda: ba a zare azarar mutum yana da rai. Ɗaki ya faɗi, wannan daban, Allah ne ya zare. Amma a hau ɗakin mutum mai numfashi a kware, daidai yake da a haƙa masa kabari. Ko a fushi ba a faɗin wannan.

To Tanimu, mijin Laraba, mutanen daji suka tafi da shi, da kaka, yana yankan dawa. Shi da wasu. Wasu sun dawo a rame, wasu labarinsu ne ya dawo. Shi ko labarin babu. Bayan nan ne muka watse gaba ɗaya, muka bar gidaje a tsaye da ƙyamarensu, muka zo nan gefen Funtuwa muka raɓe. Damina ta zo ta wuce, wata kaka ta wuce. Liman ya yi wa Laraba magana, mata sun yi, ni ma na yi, don ni ba na barin magana ta wuce ban sa baki ba. Ta ce ba ta shiga takabar wanda ba ta ga gawarsa ba. Kullum in ta kwashe tuwo sai ta ajiye malmala ɗaya a rufe, da safe yara su ɗumama.

Ita da yaranta biyu, Jamila da Awaisu, a zauren Mamuda suke kwana, bayan labulen buhu. Shi ne a shekarar ya dage ya tayar mata da ɗaki a gefen filinsa. Kowa ya yaba masa. Aka yi rufi, aka yi yaɓe, aka sa ƙyauren kwano. Ana gobe za a yi wannan faɗa na je ganin ɗaki, kamar yadda ake yi. Na ce bari in gwada sanyin daɓen, na miƙe a ƙasa ina lumshe ido. Ina buɗewa sai ga ta a samana, azara ta kusa da ƙofa: ƙafar kaza, da ɗigo biyu a gefe. Mamuda ɗigo ɗaya ne, shi ne babba. Ɗigo biyu Tanimu ne.

Kwana na yi abin yana cin raina. Da safe na ce wa Laraba ta ɗaga kai. Shi ke nan fa laifina.

Yanzu ga ta tsaye a tsakiyar sabon ɗakin, ɗankwali ya zame, tana nuna sama da yatsa.

"Ka binne shi, Yaya. Ka binne ƙanenka da ransa, kuma ka kawo ni ka kwantar ƙarƙashin makararsa. Da ka gaya mini gadon kake so, ai da na ce ka ɗauki gonar. Gonar ma wa ke zuwa?"

"Ki iya bakinki, Laraba."

"Ba zan iya ba! Uwarku ɗaya ubanku ɗaya. Shi ya yi jinyarka lokacin da maciji ya sare ka, kana kashi a kwance yana kwashewa. Ko ka manta?"

"Ban manta ba. Sayen su na yi. Wallahi sayen su na yi, a filin Ugo mai tsofaffin kayan gini."

"Ƙafa gare su? Su suka tako daga Rafin Kanya zuwa filin Ugo? Wa ke shiga garin nan yanzu ya fito da kai a wuyansa, balle da mota cike da azara? Wa ke shiga, in ba wanda suka sani ba? In ba infoma ba?"

Kalmar nan na fita, Mamuda ya yi tsalle ɗaya ya ja ƙyaure ya rufe. Ni ina ciki, don tun da na shigo na samu lungu na zauna a kan turmi. A unguwarmu ba a wasa da kalmar nan. Wani mai faci da aka kira da ita watannin baya, samarin sintiri suka je da rana tsaka. Ba shi kaɗai suka taɓa ba. Matarsa da ƙyar ta fita da goyo, gidan kuma har yau baƙin gawayi ne, awaki ke kwana ciki. Ba wanda ya tsaya tambayar ko gaskiya ne.

"So kike a ƙone mu?" in ji shi, murya ƙasa ƙasa. "Gwaggo, don girman Allah ki tashi ki tafi. Ga kanwar can wajen mai ɗakina."

Na ce, "Gwiwata ta riƙe, ɗan nan. Bari ta sake ni."

Abin da bai sani ba, ni tun hantsi na je filin Ugo na dawo, don na san tsohuwar azara a garin nan can kawai ake samu. Ugochukwu sunansa, a Funtuwa aka haife shi, Hausarsa ta fi ta jikokina. Tsofaffin kayan gini yake saye yana sayarwa: kwano mai ramin ƙusa, ƙyaure, taga, bulo da aka ɓamɓaro, azara. Tun da ƙauyuka suka fara watsewa kasuwarsa ta buɗe, don duk wanda ya gudo rufi yake nema, sabo kuma ba ya sayuwa. Yana da wata dabara. Saboda an sha zuwa ana cewa kayan sata ne a wurinsa, sai ya tanadi gwangwanayen fenti. Duk mai kawo masa kaya da launinsa. Ana saukewa yana bi yana ɗiga wa kowane a baki, ja ko kore ko rawaya, don ranar da aka zo da rigima ya san wuyan wa zai kama.

Na yi ta zagaye ina taɓa kaya kamar mai shirin gini. Can ƙarshen fili na ga tarin azara, da ɗigon shuɗi a bakin kowace. Na duƙa ina karanta shaidunsu. Tsani na gidan Sarkin Noma. Idon zakara na gidan su Bature maƙeri. Har da na masallaci, masu alamar wata. Sai kuma bakin lauje. Guda nawa ne ban ƙirga ba, na dai zauna a kansu. A ƙarƙashin waɗannan na yi haihuwata duka, a ƙarƙashinsu aka wanke mijina. Ga su a rana, kare ya ɗaga ƙafa a jikin ɗaya.

Na ce, "Ugo, wane ne mai shuɗi?"

Ya ce, "Mama, ni na daina karɓar kayansa. Tun da na gane daga inda suke fitowa na ce kada ya ƙara zuwa. Waɗannan ma kwantai suka yi mini, duk ɗan ƙauyenku da ya gani sai ya tofar da yawu ya wuce."

"Sunansa nake tambaya."

"Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ina da yara. Ki tambayi Mamuda, ai sun daɗe suna magana a bayan tankin can."

To wannan ce a cikina tun hantsi, tana motsi kamar ɗan tayi. Na so in riƙe, Allah ya sani. Amma ina kallon yarinyar nan tana kuka tana tsine wa mutumin da ya sayar da akuyarsa ya yi mata ɗaki, shi kuma ya tsaya kamar gunki yana haɗiye yawu. Na ce a raina, in ba a huda ƙurjin nan ba kowa zai ruɓe.

Na ce, "Mamuda, shuɗin fentin da ke bakin azarar nan, yaɓe ya rufe shi ko?"

Ya juyo a hankali.

"Ugo yana gaishe ka. Ya ce kun sha hira da mai shuɗin, bayan tanki."

"Gwaggo," in ji shi, "ranar da za a binne ki, sai an haƙa wa harshenki ramin sa daban."

"Amin, a yi masa mai faɗi. Gaya mata."

Laraba ta bar kuka. Ta dube ni, ta dube shi. "Wane ne mai shuɗi? Ka san ɓarawon, ka yi hira da shi, ka bar shi ya tafi?"

Mamuda ya sulale ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Waje iska ta fara tashi, ana jin mata suna kiran yara su kwashe shanya. Sannan ya fara, yana kallon daɓe.

Ya ce kwano ya je nema don ɗakin nan, bai je don azara ba. Sai ya ga ƙafar kaza. Ya ce shi ma a take ya ɗauka ƙanensa ya mutu, wani ya je ya kwashe. Ya roƙi Ugo ya gaya masa ranar da mai kayan ke zuwa. Ranar ya je tun da safe da wuƙa a ƙugu, ya kuma ce wa wani yaron sintiri ya zauna kusa da waya, zai kira shi.

"Motar ta zo wajen azahar, an lulluɓe kayan da karan dawa. Direba ya sauko. Sai na gefensa ya sauko, da rawani ya rufe baki. Ban ga fuska ba. Tafiyar na gani. Kin san yadda yake jan ƙafar hagu tun da ya faɗo daga ɗorawa."

Laraba ta dafa bango.

"Yana da rai," ta ce. Ba tambaya ba ce. Fuskarta ta buɗe, wallahi sai da ta yi kamar ta amarya. Ta ɗaga hannu sama tana "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, na faɗa muku, na faɗa wa Liman!" Ta juyo gare ni tana dariya da hawaye. "Gwaggo, kin ji? Ba na gaya miki ba?"

Ban taɓa jin tausayin mutum yana murna ba sai ranar.

"Sun sa shi dole ne," ta ce wa Mamuda da sauri. "Da bindiga a bayansa. Ai haka suke yi, su sa mutum aiki. Nawa suke so? Zan je gidanmu, zan bi dangi, zan yi wankau."

"Da farko dole ce," in ji Mamuda. "Shi ya gaya mini. Sun ga ya iya rufi, suka sa shi yana kware musu kwano suna kai wa sansaninsu. Daga baya shi ya ce musu azara ma kuɗi ce, ya san inda ake saye. Shi ya san gidan da ke da ƙosassu."

"Ƙarya ne."

"Ya yi ƙiba, Laraba. Agogo a hannu, waya biyu. Na duba bayansa, na duba motar, na duba bakin titi. Ba mai gadinsa. Daga shi sai direban, haka ya zo, haka ya koma."

"Suna riƙe da wani abu nasa."

"Me gare shi da za su riƙe? Duk abin da yake da shi yana zaurena bayan labulen buhu."

Aka yi wata tsawa can nesa, wajen hanyar Danja.

"Na kama rigarsa na ce, Tanimu, azarar Baba? Ɗakinka, kana da rai? Ya ɓamɓare hannuna ya ce, 'Yaya, tawa ce, ɗigo biyu ne, ban taɓa taka ba.' Ya ce garin ya mutu, in bai kwashe ba wani zai kwashe. Ya ce in bar maganar mutanen da, itace itace ne."

"Da hannunsa ya zare?"

"Da hannunsa. Ya ce da ɗakinku ya fara, don ya fi sanin yadda aka ɗaura shi."

Laraba ta ɗaga kai ta dubi rufin. Ta daɗe tana dubawa.

"Bai san inda muke ba," ta ce, a hankali yanzu. "Da ya sani..."

Na yi wa Mamuda ido ya yi ƙarya. Ni da kaina, mai son a faɗi komai, na yi masa ido. Bai gani ba, ko ya gani ya gaji.

"Ya sani. Shi ya kwatanta mini gidan nan kafin in buɗe baki, har da bishiyar darbejiyar ƙofa. Na ce to mu je, ga shi nan kusa, ko shayi ba zai huce ba mun isa. Ka ga yaranka, mu san yadda za a yi, ko Kudu ne mu tura ka. Ya dubi agogo ya ce direba na sauri."

"Me ya ce a gaya mini?"

Mamuda ya murza hularsa.

"Yaya, me ya ce a gaya mini?"

"Bai ce ba."

Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo, jefi jefi a kan ƙyauren kwano.

Sai Mamuda ya ci gaba da magana da sauri, kamar mai tsoron shirun. Ya ce bai kira yaron sintirin ba. Ya ce ya sayi duk masu ƙafar kaza a ranar, don in wani ɗan Rafin Kanya ya gani zai bi sawu kamar yadda shi ya bi, daga shaida zuwa fenti, daga fenti zuwa mutum, daga mutum kuma sai gidan nan. Ya so ya ƙone su, hannunsa ya ƙi, akwai shaidar kakansa a jiki. Kankarewa kuma ba ta yiwuwa, ƙarfen ya shiga da zurfi. Sai ya ce bari ya ɓoye su a inda ba mai nema, a rufi, shaidar na kallon sama, ƙasa ta danne ta. Ya tsaya a kan magini yana juya kowace da kansa. Aka kira salla ya tafi. Maginin kuwa ɗan birni ne, bulo ya saba da shi, ya ga ta ƙarshen ba ta zauna daidai ba ya mirgina ta.

"In maganar nan ta fita," ya ce, yana kallona, "ba ni kaɗai ba ne. Awaisu ɗan infoma ne, Jamila 'yar infoma. Kin ga gidan mai faci, Gwaggo."

Na ce, "Na gani." Ban ƙara ko kalma ba. Yanzu ma da nake faɗa, sai da suka yi nisa da ƙasar nan.

Laraba ta gyara ɗankwalinta, ta ɗaure shi tamau. Ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta sake su a ƙasa. Ta murza awarwaron roba da ke hannunta har ya fita.

"Gwaggo."

"Na'am, 'yar nan."

"Ke ce ba wanda ya kai ki yaɗa magana a unguwar nan. To ga aiki. Kafin magariba ina so kowane gida ya ji. Ki ce an samu labari daga daji. Ki ce Tanimu ya mutu."

Tun da aka kawo ta garinmu da lalle a ƙafa ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sai "shi", sai "ƙanenka", sai "maigidan". Ta faɗe shi garau, kamar sunan wani mai tallan gishiri.

Mamuda ya miƙe. "Subhanallahi. Takabar mai rai? Laraba, ki ji tsoron Allah. Me za mu ce wa Liman? Sallar gawa za a yi wa mutum yana yawo a mota?"

"Ka ce masa abin da ka ga dama. Ni ban kashe shi ba. A garinmu wa ake zare wa azara?"

"Wannan maganar mutanen da ce."

"Haka shi ma ya ce maka."

Mamuda ya mayar da hularsa a kai.

"A bar rufin," ta ce. "Kada wanda ya taɓa shi. Gadon marayu ne. In an ɗauke ruwa ka nemo Bature maƙeri, ya zo da ƙarfensa ya hau tsani, ya ɗora wa Awaisu shaidarsa a jikin waccan. Kowa ya zo gaisuwa ya ɗaga kai ya gani."

"Laraba, tsaya. Ruwa ake yi. Ina za ki?"

"Islamiyya. In ɗauko su, in gaya musu da bakina kafin su ji a bakin Gwaggo."

Mamuda ya miƙa hannu zai tare ƙofa, ta dube shi, ya janye. Ta fizgi ƙyauren ta fita cikin ruwan ba gyale ba takalmi, ta maido shi da ƙarfin da sai da ɗanyen yaɓe ya zubo mana a ka.